Numfashi ma'aunin lafiya ne, mu koyi ƙirga shi

Wudil gari ne da ƙarfin ƙirji ke ciyar da mutane da yawa. A bakin kogi, kusa da gadar da matafiya daga Kano zuwa Dutse, Azare, Potiskum da Maiduguri ke bi, akwai masunta da masu ɗebo yashi, waɗanda wasunsu sai sun riƙe numfashi sun nutse kafin su samu na cefane. Akwai Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda ta Nijeriya, wadda aka ɗaga darajarta zuwa mai ba da digiri a 2012, inda gudu da fareti suke cikin darasi. Akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda ta fara aiki a 2001 kafin a sanya mata wannan suna a 2022, inda dubban matasa ke raba dare a kan lissafi da zane. Akwai tsangayu da makarantun Islamiyya, inda ake koya wa yaro inda zai tsaya a cikin aya da inda zai zarce. Ranar Juma'a kuwa kara ta cika, shanu su tayar da ƙura, dillalai da 'yan lodi su wuni a cikinta.

Duk da haka, da za ka tsayar da mutum goma a tashar Wudil ka tambaye su sau nawa lafiyayyen mutum yake numfashi a minti ɗaya, da wuya ka samu mai amsa. Mun san awon hawan jini, mun fara sanin awon suga, amma mun bar ma'aunin da Allah Ya ba kowa kyauta, wanda ba ya buƙatar batir, allura ko kuɗin kati. Ina ganin lokaci ya yi da za a mayar da ƙirga numfashi da kiyaye iskar da muke shaƙa wani sashe na tarbiyyar gida da ta makaranta, kamar yadda aka mayar da wanke hannu. Wudil kuwa, da jami'arta da makarantar 'yan sandanta, ta fi kowane gari a kudancin Kano cancantar ja gaba.

Abin da lambobi ke faɗa

Baligi mai lafiya, idan yana zaune a natse, yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wato kusan sau 20,000 a kwana guda. Iskar da yake shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, wadda yake fitarwa kuma ta ragu zuwa kusan kashi 16, ta ɗauko kusan kashi 4 na iskar kabon dayoksaid da jiki ya gama da ita. Mutane da yawa suna zaton ƙarancin oksijin ne ke sa mutum ya ji dole ya ja numfashi. A gaskiya taruwar kabon dayoksaid a jini ce ke tsikarar ƙwaƙwalwa ta ba da umarni. Wannan bayani yana da amfani ga ɗalibi, ga mai gudu da ga mai ninƙaya, kamar yadda za mu gani.

Saboda numfashi yana haɗe da zuciya, jini, ƙoda da ƙwaƙwalwa, shi ne kan fara canzawa idan jiki ya shiga matsala. Likitocin Birtaniya, a tsarin gano majinyacin da jikinsa ke taɓarɓarewa da suka fitar a 2012, sun sa yawan numfashi a sahun gaba na abubuwan da ake aunawa. Baligin da ke kwance yana numfashi sau 25 ko fiye a minti, ko da yana magana yana cewa da sauƙi, yana buƙatar likita a ranar. Mun ga haka a 2020 lokacin korona, inda mutane ke yawo oksijin ɗin jininsu ya faɗi, ba su sani ba sai da abin ya yi nisa.

Yara ne suka fi shiga haɗari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon limoniya, wanda muke kira sanyin haƙarƙari, ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000 a 2019, kashi 14 cikin 100 na dukan mace-macen yara masu waɗannan shekaru. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa a 2018 Nijeriya ta rasa yara 162,000 ta wannan ciwo, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Kuma kowa ya san yankin da ya fi ɗaukar kaso mai nauyi a mace-macen yara a ƙasar nan.

Abin da ke ƙona rai shi ne, babbar alamar wannan ciwo uwa tana iya gano ta da idonta da agogon waya. A jira yaro ya natsu, ba ya kuka, ba ya shan nono. A ɗaga rigarsa a kalli tashin ciki ko ƙirji na tsawon minti ɗaya cur, shiga da fita a matsayin ɗaya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, idan ya kai 60 ko fiye, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, iyakar 40 ce. Yaro mai tari da ya kai waɗannan lambobi a kai shi asibiti a ranar. Idan kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya kasa kama nono, ko yana aman duk abin da ya sha, ko yana jijjiga, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashinsa, to ko tsakar dare ne a nemi abin hawa.

A gidajenmu sau da yawa kwana biyu ko uku na farko suna tafiya ne a kan shafa man zafi, turare da maganin tari na kemis. Kafin a isa babban asibitin Wudil ko a wuce Kano, huhu ya riga ya cika. Alhali idan aka gano da wuri, ƙwayar amoksisilin da ake narkarwa a ruwa tana warkar da mafi yawan yaran, kuma allurar rigakafin limoniya ta shiga jerin rigakafin yara a Nijeriya tun daga ƙarshen 2014. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a Kano a Disambar 2022, wadda jihar ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, ta nuna mana abin da ke faruwa idan aka yi sakaci da alluran sati 6, sati 10 da sati 14: ciwo ne da ke toshe maƙogwaron yaro yana ji yana gani.

Mai jego da mai minshari

Akwai wani haki da muka daɗe muna yi wa kallon gajiyar haihuwa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana yawaitar ciwon raunin zuciya a tsakanin matan Hausawa bayan haihuwa. Binciken da Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta a asibitocin Nijeriya ya tabbatar da cewa arewa maso yamma na cikin wuraren da ciwon ya fi yawa a duniya. Alamarsa ta farko numfashi ce. Mai jego ta riƙa haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, ta kasa kwanciya rigingine sai ta jingina da matashi biyu ko uku, ta farka cikin dare tana neman iska, ƙafafu su kumbura. Miji da uwar miji da ungozoma su sani cewa wannan ba ya jiran arba'in.

Haka nan mai minshari mai ƙarfi, wanda numfashinsa ke ɗaukewa na wasu daƙiƙoƙi cikin barci sannan ya dawo da shaƙewa. Maƙogwaronsa ne ke rufewa, oksijin ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta tashe shi ba tare da ya sani ba, wani lokaci sau da dama a awa ɗaya. Da safe sai ciwon kai da gyangyaɗi, da tafiya ta yi nisa kuma sai hawan jini. Ga direban tirela ko na bas da zai ɗauki hanya daga Wudil zuwa Damaturu, wannan gyangyaɗi rayukan mutane ne. Matar aure ce ta fi kowa sanin wannan alama, kuma faɗarta taimako ne ga maigida.

Numfashi da aikin ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa kusan kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na oksijin da jiki ke amfani da shi. Idan mutum ya duƙufa kan aiki mai wuya, numfashinsa kan ƙara sauri ya koma sama-sama, wani lokaci ya riƙe shi bai sani ba, sai can ya yi ajiyar zuciya. Masu bincike a Jami'ar Luben ta Beljiyam sun nuna cewa wannan ajiyar zuciya hanya ce da jiki ke bi ya daidaita numfashin da ya rikice. A 2016 wasu masana a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun gano cewa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa da tsoro suna bin kaɗawar numfashin hanci, har mutane suka fi tuna hotunan da suka gani a daidai lokacin da suke jan iska ta hanci.

Ɗalibin da ya zauna gaban kwamfuta a jarrabawar JAMB, ko a zauren jarrabawar jami'a, tsoro ya kama shi ya shiga numfashi da sauri, yana zubar da kabon dayoksaid fiye da kima. Hakan na sa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke. Sai jiri, yatsu su yi tsami, abin da ya haddace jiya ya ɓace. Maganin a nan shi ne rage gudu da tsawaita fitar da iska. Zuciya tana ɗan ƙara bugu idan muna shaƙa, tana sassautawa idan muna fitarwa, saboda wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki. Wanda ya tsawaita fitarwa ya taka wa zuciyarsa birki.

A Janairun 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun wallafa gwajin da suka yi da mutum sama da 100 na tsawon wata guda, minti 5 a kullum. Waɗanda suka fi samun sauƙin rai su ne waɗanda suka riƙa jan iska ta hanci, su ƙara ɗan ja a kai har huhu ya cika, sannan su fitar a hankali ta baki. Kafin nan, a 2001, likita Luciano Bernardi na Jami'ar Pabiya ta Italiya ya gano cewa masu jan carbin addu'ar Katolika da masu maimaita kalmomin yoga numfashinsu na sauka zuwa kusan 6 a minti, bugun zuciya da hawa da saukar jini su daidaita.

Mu ma muna da namu gadon. Alaramma ya san inda waƙafi ya halatta da inda bai halatta ba, kuma gardin da ke shirin musabaƙa yana horar da ƙirjinsa ya kai ƙarshen doguwar aya ba tare da ya yanke ma'ana ba. Malamai sun sanya natsuwa a ruku'u da sujada cikin abubuwan da salla ba ta inganta sai da su. Hadisi ya koyar da a raba ciki uku, a bar wa numfashi kasonsa, kuma duk wanda ya cika tumbi da tuwo sannan ya buɗe littafi ya san hikimar hakan, domin cikin da ya cika yana danne tsokar da ke ƙarƙashin huhu. Mai busa algaita a ƙofar fada yana tara iska a kumatu, ya riƙa turawa yayin da yake shaƙar wata ta hanci, busa ba ta yankewa. Ibada don Allah ake yin ta, amfanin da jiki ke samu kuma ƙarin falala ne. Ga fagen bincike nan a ƙofar jami'ar Wudil: a auna numfashi da bugun zuciyar mahaddata, masu busa da masu nutso, a rubuta da hannunmu.

Iskar ajin ma tana da tasiri. A waje, kabon dayoksaid kusan kashi 420 ne cikin miliyan. A ɗakin da aka cusa mutane aka rufe tagogi yana iya ninka haka sau biyar ko fiye, tare da zafi da ƙwayoyin cutar da ake fitarwa da tari. Ajin firamare mai yara fiye da ɗari, an rufe tagogi saboda hunturu, yara na hamma, malam na zargin lalaci, alhali iska ce ta gaji.

Haki da ƙarfin jiki

A zaune mutum yana shaƙar lita 6 zuwa 8 ta iska a minti. A gudu mai tsanani yana iya wuce lita 100. Wanda ya hau bene hawa biyu ya tsaya yana haki yakan zargi huhunsa, amma ga mai lafiya galibi zuciya da tsokoki ne ba su saba ba. Horo yana sa zuciya ta tura jini mai yawa a bugu ɗaya, tsoka ta iya amfani da oksijin da kyau, sai aikin da ke sa haki a da ya zama ba komai. A 2018 asibitin Cleveland Clinic na Amurka ya wallafa nazarin mutum sama da 122,000 da aka gwada a kan injin gudu. Rashin juriyar jiki ya fito a matsayin haɗari ga rai da ya kai, ko ma ya zarce, na shan taba da ciwon suga.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, yara kuma minti 60 a kullum. Numfashi ne zai gaya maka matakin da kake. Idan kana tafiya kana iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba, kana matsakaici. Idan kalma biyu ko uku kawai kake iya furtawa kafin ka ja iska, ka shiga mai tsanani. Manomi da ɗan dako sun wuce wannan awo tun kafin azahar. Waɗanda abin ya shafa su ne ma'aikacin ofis, malamin jami'a, mai shago, ɗan acaɓa da matan da ke wuni a gida. Babur ya shiga tsakaninmu da tafiyar ƙafa, har masallacin unguwa sai an hau.

Ga ɗaliban makarantar 'yan sanda abin ya wuce gudu. Jami'in da zai tsaya a shingen bincike da bindiga a hannu, cikin fushi ko firgici, yana buƙatar ya iya saukar da bugun zuciyarsa kafin ya yanke hukunci. A ƙasashe da dama ana koya wa sojoji da 'yan sanda su ja iska suna ƙirga huɗu, su riƙe huɗu, su fitar huɗu, su dakata huɗu. Darasi ne da ba ya cin kasafi, kuma yana iya tsare ran farar hula da na jami'in kansa.

Ga yaran bakin kogi kuwa akwai gargaɗi. Wasu kan yi ta jan numfashi da sauri kafin su nutse, don su daɗe a ƙarƙashin ruwa. Hakan ba ya ƙara oksijin a jini sosai, kabon dayoksaid kawai yake zubarwa, wato ya kashe ƙararrawar da ke cewa fito. Oksijin zai ƙare, yaro ya suma a ƙasan ruwa bai ji komai ba. Gwanaye ma suna mutuwa ta haka. Sarkin ruwa da manyan masunta su hana gasar daɗewa a ruwa.

Iskar da muke shaƙa

Babu dabarar numfashi da za ta amfani wanda ke shaƙar guba. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe mu da hazo. Hanci yana tace iska, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta, abin da baki ba ya yi, amma ƙura mafi laushi tana wucewa har cikin huhu. Takunkumin da muka ajiye bayan korona yana da aiki a kara, a kan babur da ranar da hazo ya yi kauri, musamman ga masu asma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Matar da ke suyar kifi ko ƙosai a kan itace, da goyo a baya, ita da jaririn suke raba hayaƙin. Kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe saboda sanyi, da janareta a soro ko kusa da taga, suna fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ko launi, wadda ke kashe iyali cikin barci. Matasan da ke ganin shisha ta fi sigari sauƙi su sani cewa zaman awa ɗaya na iya sa mutum ya shaƙi hayaƙin da ya ninka na karan sigari sau ɗari, ga hayaƙin gawayin da ke kanta.

A yi hattara kuma da masu bidiyo a TikTok da Facebook da ke cewa motsa numfashi na warkar da asma, hawan jini ko suga. Numfashi a hankali yana ɗan sauke jini, yana rage fargaba, yana sauƙaƙa wa mai asma rayuwa, amma ba ya cire kumburin hanyoyin iska. Wanda ya ajiye maganinsa saboda bidiyo ya saka kansa a haɗari. Wanda ya yi tari na mako biyu ya je a gwada majinarsa, gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Abin da ya kamata a yi

Ƙaramar hukumar Wudil da hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar Kano su sa koyar da ƙirga numfashi cikin kowace ranar awon ciki da ranar rigakafi, uwa ta gwada a gaban ma'aikaciya kafin ta tafi. Kowace ƙaramar cibiyar lafiya ta samu 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin, manyan asibitoci kuma kada su rasa iskar oksijin. Shugabannin makarantu su buɗe tagogi tsakanin darussa, a yayyafa ruwa kafin shara, a dawo da darasin motsa jiki yadda yake a da. Jami'ar Aliko Ɗangote ta kafa na'urorin auna ƙura a tasha, kara da bakin gada, ta riƙa sanar da jama'a ta rediyo da Hausa. Limamai su ware huɗuba guda a farkon hunturu, kusa da 12 ga Nuwamba da duniya ta keɓe don yaƙi da limoniya, su yi magana kan gawayi, janareta da hakin yara.

Kai kuma mai karatu, kada ka jira gwamnati a kan abin da ke hannunka. Rubuta lambobin nan uku, 60, 50 da 40, ka manna a bangon ɗakin iyalinka, ka koya wa uwargida, amarya da kakar yara yadda ake ƙirgawa. Fitar da janareta da kaskon gawayi daga inda ake kwana, ka taka da ƙafa zuwa masallaci da kasuwa, kuma duk wanda ka ga yana haki alhali yana zaune, ka kai shi asibiti a ranar. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.